Wa Ya Fi Sarkin Ruwa Sanin Ruwa?

Yau dai maganar kifi za mu yi. Na san wani zai ce, to fa, duk abubuwan da suka ishe mu, kuɗin haya da kuɗin makaranta da neman aiki, sai kifi? Ka yi haƙuri ka biyo ni, ya kai mai karatu, domin a cikin maganar kifin nan akwai maganar wa ake ɗauka mai ilimi, wa kuma ake ɗauka jahili, kuma wannan ta shafe mu kai tsaye, mu da muke zaune a azuzuwan jami'o'in ƙasar nan.

Duk wanda ya taso a kudancin Landan ya san Old Kent Road. Turawa sun san shi da cewa shi ne fili mafi araha a wasan Monopoly, fam 60 kacal. Mu kuwa mun san shi da cewa nan ake aiken mu cefane ranar Asabar. Ka hau bas mai lamba 53 ko 453 daga Elephant and Castle, ka sauka ka shiga ɗaya daga cikin shagunan 'yan Afirka, tun daga bakin ƙofa ƙamshin banda zai gaya maka ka iso. To, wata rana ka daure ka buɗe firiza ka karanta abin da aka rubuta a jikin leda. Karfasa, sau da yawa daga Sin ko Indunusiya take. Farin yankan nan mara ƙaya daga Biyetnam yake. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda Yarbawa ke kira panla, daga Nowe yake. Ita kanta tarwaɗa, tarwaɗarmu ta gado, ana kiwon ta a Holan da Hangari a cikin ruwan ɗumi.

Namu na gida kuwa, na Yauri ko na Hadeja ko na Baga, sau da yawa a akwatin wata gwaggo yake shigowa, an naɗe shi da jarida da leda uku. Dokar Birtaniya ta yarda matafiyi ya shigo da busasshen kifi ko mai banda har kilo 20, alhali kilishi ko yanki ɗaya aka gani a Heathrow sai an ƙwace, tunda shi nama ne. Amurka kuwa a 2018 ta rufe ƙofarta ga tarwaɗar Najeriya, saboda ba a cika takardun da ke nuna yadda ake duba lafiyar kifin ba. A gida ma ba a tsira ba: alƙaluman da gwamnatin Najeriya ta sha faɗa su ne ƙasar na buƙatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce tan miliyan 1.2 ba. Shi ya sa kifin ƙanƙara na ƙasashen waje ya cika kasuwanni tun daga Legas har Sakkwato.

Abin tambaya a nan shi ne, yaya aka yi kifin da asalinsa na kogunanmu ne, sai daga hannun wasu yake zuwar mana? Amsata a taƙaice ita ce bincike. Wanda ya zauna ya yi nazarin kifi, ya rubuta, ya riƙe abin da ya gano, shi yake da kifin a kasuwa. Mu kuma muna da masu sanin ruwa tun kaka da kakanni, amma a fagen bincike ba a ba su kujerar gaba ba, iyakarsu su tuƙa wa mai bincike jirgi, su nuna masa wuri, ya koma ya rubuta da sunansa.

Abin da kyamara ba ta ɗauka a Argungu

Kowa ya taɓa ganin hoton bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kebbi: dubban maza a guje, kowa da gorarsa da homarsa, ana buga bindiga su auka cikin Matan Fada, ruwa ya koma laka, bayan kamar awa ɗaya a fito a yi awo. Bikin a yadda aka san shi yanzu ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwatawa. A 2005 kifin da ya ci gasa kilo 75 ne, sai da mutum huɗu suka ɗora shi a sikeli. A 2020, da aka dawo da bikin bayan wajen shekara goma ba a yi ba, na ɗaya kilo 78 ya kama.

To amma ka taɓa tambayar kanka yadda aka yi giwan ruwa ya kai kilo 78 a kogin da ke kewaye da masunta? Kifi ba ya kai haka a shekara ɗaya ko biyu, sai an ƙyale shi. Sirrin yana cikin sauran watannin da ba a ɗaukar hoto. Wannan yanki na Matan Fada a rufe yake, ba a su a cikinsa sai ranar da aka ba da izini. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Homa, shugaban masuntan Argungu, kuma sarautun nan gado ne a gidajensu. Akwai gyaran ruwa, akwai fashin ruwa, wato ranar buɗe su. A ranar gasa ma ba kowane kaya ake shiga da shi ba, sai gora da ragar hannu. Da hukumar UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun duniya a 2016, ta ambaci sarautun nan biyu da sunansu, ta kuma ce sanin da suke gadar wa 'ya'yansu game da lafiyar ruwan da yawan kifin da ke cikinsa na daga cikin abin da ya raya bikin.

Yanzu ka buɗe kowane littafin kimiyyar kamun kifi da ake koyarwa a jami'a. Manyan dabarun alkinta kifi guda uku za ka tarar: a ware wurin da ba a taɓawa, a ware lokacin da ba a taɓawa, a ƙayyade irin kayan da za a shiga ruwa da su. Duka ukun suna nan a Matan Fada.

A nan Ingila ma haka ake yi. Daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni na kowace shekara haramun ne a doka ka jefa fatsa a kogi don kama yawancin kifayen ruwan daɗi, saboda lokacin saka ƙwai ne, kuma asalin dokar tun 1878 yake. Ka leƙa tafkin Burgess Park, taku kaɗan daga Old Kent Road, za ka ga mutane sun kafa tanti sun yini da fatsa, kowa da lasisinsa, in sun kama su ɗauki hoto su mayar da shi ruwa. Iyayenmu in sun gani sai su riƙe baki, wai mutum ya kama kifi ya sake shi alhali ga barkono a gida! Amma irin wannan kula, da gyaran magudanun ƙazanta, su suka sa kogin Tems, wanda a 1957 aka ce ya mutu murus, yau ake ƙirga kifi sama da iri 100 a cikinsa. Abin da ke ba ni haushi kawai shi ne, in Bature ya hana kamun kifi wata uku sai a ce kimiyya ce, in Sarkin Ruwa ya hana sai a ce al'ada ce, wani ma ya ce camfi. Haba jama'a!

Sunaye ma ilimi ne

Mu nan kifi iri nawa muka sani da Hausa? Tarwaɗa, sai karfasa, sai kuma "wannan mai ƙayar". Akwai wani kawuna da ya taso a bakin kogi a Yauri, yanzu yana aikin gadi da dare a nan Landan. Na taɓa ce masa, "Kawu, wai kifi iri nawa kuke da su a can?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ku 'yan Landan ai kifin firiza kuka sani." Daga nan ya shiga lissafi da yatsu. Ramboshi, yayan tarwaɗa, wanda ya fi ta girma nesa. Ragon ruwa. Ƙurungu, mai ƙaya uku da gurnani in an kama shi. Minjirya, wadda in ka taɓa ta za ta ja ka kamar wayar lantarki. Tsage mai haƙora. Faliya. Talibambam mai kumbura ciki. Yauni, wanda yake yin sheƙa mai yawo a saman ruwa cikin ciyawa, ya tsaya gadin ƙwansa, in ka matso ya cije ka. Bargi, wanda shi ma yake share wuri a cikin ciyawa ya yi gida zagayayye idan ruwa ya cika. Gaiwa, wadda in tabki ya ƙafe take shigewa laka ta lulluɓe kanta da majina ta kwana rani, har manomi ya tono ta da fartanya a busasshiyar ƙasa.

Kowane suna yana tafe da bayaninsa: abin da kifin yake ci, watan da yake ƙwai, zurfin da yake so, kayan da ake kama shi da su, ko birgi ne, ko kalli, ko mamari, ko gura. Wallahi abin da ya zayyana mini a zama ɗaya ya fi abin da ake ba mu a lacca uku. Kuma shi ba ya ɗaukar kansa masani, cewa yake ai shi bai yi boko mai nisa ba.

An fa rubuta wasu daga cikin waɗannan. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da sunayen kifi da kayan su. A 1967 Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta fitar da littafin Fish and Fisheries of Northern Nigeria, wanda har yau masu bincike suke dogaro da shi. Sunaye biyar ne a bangonsa, huɗu Turawa, na biyar Ibrahim Yaro. Alhamdu lillahi da aka sa nasa. Amma masuntan da suka fito da kifayen daga ruwa, suka faɗi sunayensu da halayensu, su fa? Haka abin ya ci gaba. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an kafa aikin bincike a tafkin, wanda daga baya ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa. Akwai sassan nazarin kifi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Bayero ta Kano, da ta Maiduguri, kuma malamansu namu ne, suna ƙoƙari da ɗan abin da ke hannunsu. Sai dai tsarin da muka gada bai canza sosai ba: ɗalibi ya je bakin ruwa da takardar tambayoyi da Turanci, ya cike, ya koma, ya samu digiri, masunci bai sake jin ɗuriyarsa ba.

Da an tambaye su

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yawancin kifayen kogunan Arewa da ambaliya suke hayayyafa. Idan damina ta kankama, kogi ya cika ya malala cikin fadama, sai kifi ya bi ruwan ya shiga ciyawa ya saka ƙwai. 'Ya'yan su sami abinci da maɓoya a nan, su yi ƙwari, in ruwa ya fara janyewa su koma kogi da tabkuna. Shekarar da fadama ta sha ruwa sosai, baɗi kifi zai yi yawa. Wannan ko yaron masunci ya sani.

Sai aka zo aka datse kogunan. Tiga a 1974, Bakolori a 1978, Goronyo a 1984, Challawa a 1992. Ba na cewa madatsun ba su da amfani, Kano na shan ruwansu, ana noman rani da su. Amma Bakolori da Goronyo duka a saman Argungu suke, Tiga da Challawa kuma a saman dausayin Hadeja da Nguru. Ambaliya ta ragu, lokacinta ya rikice. A Hadeja da Nguru, ruwan da a da yake zuwa ya tafi sai ya koma kwanciya shekara cur a wasu wurare, ciyawar kacala ta samu gindin zama ta toshe hanyoyin ruwa, jirgi ba ya wucewa, raga ba ta shiga. A 2006 ma sai da aka hana shiga ruwa a bikin Argungu saboda ƙarancin ruwa. Wani masani na Jami'ar Kambirij, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasan Bakolori ya rubuta a 1985 yadda noman fadama da kamun kifi suka ja baya. Aikinsa mai kyau ne. Amma ka duba fa, abin da mutanen ƙauyukan suke faɗa da bakinsu tun shekarar farko, sai da aka buga shi a mujalla a Ingila sannan ya zama "sananne".

Tarwaɗar kwami da karfasar Filifin

Mu koma kan kiwo, tunda yanzu a Kano da Kaduna da Abuja kusan kowace unguwa akwai mai kwamin siminti ko na tamfol a bayan gida, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka. Tarwaɗa ba ta saka ƙwai da kanta a kwami, domin tana jiran alamar damina ne, ruwan sama da cikar kogi. Don haka sai a yi wa macen allura, bayan kamar awa 10 zuwa 12 a matse cikinta ƙwai ya zubo a roba. Namijin kuwa yanka shi ake yi a ciro maniyyinsa a gauraya. Cikin kamar kwana ɗaya ƙwan ya ƙyanƙyashe. Wannan dabara an inganta ta ne a shekarun 1970 da 1980, a Bangi ta Afirka ta Tsakiya da kuma Jami'ar Wageningen ta Holan. Shi ya sa har yau masu kiwo a Najeriya suke alfahari da cewa irinsu "na Holan" ne.

Matsalar ita ce, da yawa daga masu ƙyanƙyasa daga kwami ɗaya suke zaɓar uwa da uba, shekara da shekaru, wa da ƙanwa. Iri sai ya yi rauni, girma ya ragu, mutuwa ta yi yawa. Ga abinci, wanda yake cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo, kuma mai kyaun ko daga waje yake ko kayan haɗinsa daga waje suke, dala na tashi yana tashi. Ga hunturu, lokacin da 'ya'yan kifi suke mutuwa a Arewa saboda sanyin ruwa. Maganin raunin iri yana cikin kogi, a jikin tarwaɗar daji ta Rima da Hadeja da Tafkin Chadi, wadda ta saba da zafinmu da sanyinmu. Wa ya san inda take, da wadda ta fi saurin girma, da wadda ta fi juriya? Masunci.

In kana ganin wasa ne, ji labarin karfasa. A 1988 aka fara wani aiki a ƙasar Filifin, aka ɗebo karfasar daji daga Masar da Gana da Kenya da Senegal, aka haɗa da waɗanda ake kiwo a Asiya, aka yi ta zaɓen masu saurin girma zuriya bayan zuriya. Irin da aka samu, mai suna GIFT, ya bazu a gonakin kifi na Asiya. Daga baya aka kawo shi Najeriya daga Maleshiya. Ka ji fa: kifin Afirka ya tafi karatu waje ya dawo da digiri, kamar mu! Gana dai ta yi nata irin a Akosombo, Masar ta yi nata a Abbassa. Mu da muke da Neja da Binuwai da Chadi, me muke jira?

Darasi daga Amazon

Kada wani ya ce ai wannan duk mafarki ne, masunci ba zai iya jagorantar bincike ba. A ƙasar Burazil akwai wani ƙaton kifi, pirarucu, mai iya kai kilo 200. Abin mamaki, a duk duniya ba shi da ɗan uwa na kusa kamar bargin nan namu. A shekarun 1990 an kusa ƙarar da shi. Masana sun rasa yadda za su ƙirga shi, domin ruwan duhu ne da shi. Masuntan yankin Mamirauá suka ce su suna iyawa. Kifin dole ya taso saman ruwa ya shaƙi iska duk bayan 'yan mintoci, su kuma daga ƙarar tasowarsa da yanayin motsin ruwa suna gane babba ne ko ƙarami, wanda ya taso ɗazu ne ko wani ne daban. Wani mai bincike, Leandro Castello, bai yi musu dariya ba. Ya gwada ƙirgarsu da hanyar kimiyya ta kamawa a sa alama a saki a sake kamawa, sai lissafin biyu ya zo kusan daidai, ya buga sakamakon a 2004. Aka gina doka a kan haka: masunta su ƙirga da kansu kowace shekara, a ba su izinin kama abin da bai wuce kashi 30 cikin ɗari na manya ba, a bar sauran. A yankin da aka fara, kifin ya tashi daga wajen 2,200 a 1999 zuwa sama da 20,000 a 2006.

A Amurka ma, ƙabilu huɗu na 'yan asalin ƙasar da ke bakin kogin Kolumbiya sun kafa hukumar kifinsu a 1977, suna ɗaukar masana aiki, su ne kuma suke faɗin abin da za a bincika. Ɗaya daga cikinsu, Nez Perce, ta dawo da wani nau'in kifin salmon cikin kogin Clearwater bayan an riga an ce ya ƙare a can.

Bambancin ke nan. A duk waɗannan wurare ba a yar da kimiyyar boko ba, an sa ta ne ta yi wa masu ruwa aiki. Su suke kawo tambaya, da su ake tattara bayani, a hannunsu sakamako yake zama.

Kada mu yaudari kanmu

Ba ina cewa duk abin da masunci ya yi daidai ne ba. Tun da can akwai masu zuba magimfa a ruwa kifi ya bugu ya taso. Da zamani ya zo wasu suka koma zuba gamalin, maganin ƙwari, wanda yake kashe babba da yaro har da wanda ya ci. Akwai masu jan gidan sauro a ruwa su kwashe 'ya'yan da ko yatsa ba su kai ba. Akwai masu fesa wa banda maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa kafin ta kai kasuwa. Akwai sarakunan ruwan da in an ba su na goro sai su kau da kai. Jama'a ta ƙaru, talauci ya yi yawa, wanda 'ya'yansa ba su ci ba tun jiya ba ya jin wa'azin alkinta kifi. A Tafkin Chadi kuma ga rashin tsaro: Doron Baga, wadda bandarta take kai wa har Onica da Legas, kowa ya san abin da ya same ta a Janairun 2015.

Amma wannan duk hujja ce ta a jawo su gaba. Jami'in gwamnati ɗaya a kan babur ba zai iya tsare kogi ba. Wanda zai gane an zuba guba tun kafin gari ya waye, ya kuma san ɗan gidan wa ya zuba, shi ne wanda yake kwana a bakin ruwan. Haka matan da suke banda: murhun Chorkor da ya bazu a Afirka ta Yamma, a Gana aka ƙirƙiro shi wajen 1969 tare da matan unguwar Chorkor ta Ankara, shi ya sa ya karɓu, domin da masu shan hayaƙin aka tsara shi.

To mu ina namu?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsofaffin da suka san ruwan nan kafin a datse shi suna ƙarewa, 'ya'yansu da yawa sun koma acaba a birni. Mu kuma Allah ya ba mu abu biyu da ba kowa ya haɗa ba: muna jin Hausa, ko da ta ɗan karkace, muna kuma da katin shiga laburaren jami'a.

Na farko, in ka je gida hutu, ka nemi tsoho ko tsohuwa masu sana'ar ruwa, ka gaishe su yadda ya kamata, ka nemi izini, ka kunna wayarka. Sunan kifi, watan ƙwansa, wanda a da akwai yanzu babu, shekarar da ruwa ya fara canzawa. Ka rubuta sunan mai maganar da garinsu, ka bar wa iyalinsa kwafi.

Na biyu, masu karatun kimiyyar halittu da muhalli da tattalin arziki da injiniya, lokacin zaɓen aikin ƙarshe na digiri yana zuwa. Jami'ar Stirling a Sukotlan tana da babbar cibiyar kiwon kifi, Jami'ar Greenwich da ke kusa da mu tana da cibiyar da ta daɗe tana aiki kan kifin Afirka bayan an kama shi. Kafin ka rubuta tambayar bincikenka, ka tambayi masu ruwan me ya fi damun su. Wataƙila su ce a wane wata ya kamata a saki ruwan dam. Wataƙila su ce yaya za a raini 'ya'yan bargi a kwami ba su mutu ba, tunda shi ba ya buƙatar abinci mai tsada kamar tarwaɗa, kuma su sun san gidansa. Wataƙila su ce yaya za a haɗa abincin kifi da waken suya da tunkuza da dusa.

Na uku, in aikin ya fito, sunansu ya fito a sama tare da naka, kada a tura su can ƙarshe cikin godiya. Kuma ka mayar musu da sakamakon da Hausa, ko da saƙon murya ne na minti biyar. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Nan zan dasa aya. Waɗanda iyayensu Sarkawa ne ko Kabawa, ko 'yan Hadeja da Gashuwa da Baga, don Allah ku tambayo mana sunayen kifin da ban ambata ba, da yadda ake kiransu a garinku, ku aiko, in sun taru mu jera su a wannan fili kowa ya amfana. Allah ya ba masunta sa'a, ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu dace. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.